Idon Kulu

Matan unguwarmu a Ƙofar Taramniya suna cewa wai na je Indiya na baro kunyata a can. Ba na musu da su. Ni dai na san abin da na baro da abin da na dawo da shi, kuma yau na ga damar faɗa.

Kulu ce 'yata ta fari. Sunan yankanta Hauwa'u. A gidanmu da gidan mijina Bello, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ƙura masa ido idan akwai babba a wurin. Haka na tarar, haka na yi, har ana ba da misali da ni. Ranar da aka yaye ta, surukata Inna ta ɗauke ta zuwa sashenta, ta zama tata. Inna take kira uwa, ni kuwa Adda take ce mini, kamar wata yayarta. Idan zan aike ta sai in ce “ke”, idan zan yi zancenta sai in ce “'yar Inna”. Ina koyarwa a wata firamare a Gidan Dahala, kuma ko a aji idan na zo kan yarinya mai irin sunanta sai in ce “mai sunan gidanmu”, yara su yi ta dariya.

Inna ce ta fara ganin wani farin abu yana walƙiya a idon Kulu na dama, irin na mage idan haske ya faɗa mata. Ta ce hakiya ce. Aka yi kwalli, aka yi tofi, aka wanke da rubutu. Daga ɗakina nake jin labarin, don tashi in je in buɗe idon in duba zai zama kamar ina tuhumar rainon Inna. Sai da idon ya fara ja yana kumbura aka kai ta babban asibiti, likitoci suka ce sankara ce, kuma cire idon ne mafita. Bello ya ce shi bai yarda ba. Fataucin shanu yake yi a kara, ya sayar da na sayarwa, ya ce a Indiya za a ceci idon. Inna ba ta iya tafiya saboda gwiwa da hawan jini, dole ni na bi. Kulu tana shekara huɗu.

Mun sauka a wani gari a kudancin ƙasar. Ni da na san Indiya a fim, na zaci zan ga furanni da masu rawa a kan duwatsu. Abin da ya tare ni shi ne wani zafi mai danshi da ke manne wa mutum kamar koko. Zafin Sakkwato mai gaskiya ne, yana ƙona ka ya bar ka a bushe, wannan kuwa dafa mutum yake yi. Ga odar motoci ba ƙaƙƙautawa, ga shanu suna yawo a tsakiyar titi ba makiyayi. Duk da halin da muke ciki, Bello bai iya wuce saniya bai yi mata kuɗi da ido ba.

A filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ya tarbe mu, wanda aka haɗa mu da shi ta waya, ana ce masa Alhaji Mai Indiya. Da jin gaisuwar Bello ya washe baki ya ce, “A'a, Sakkwatawa ne! Kun zo gida.” Wallahi har hawaye na yi don jin Hausa. Ya karɓi jakarmu, ya saya wa Kulu alewa, ya kai mu wani ɗan asibiti a saman shagon atamfa. Kullum a ɗebi jini, kullum a ɗauki hoto, kullum a ce gobe babban likita zai zo. Idan muka tambaya sai ma'aikatan su kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Makonni muka yi a haka, idon yarinya yana ƙara fitowa, tana kwana kuka, Alhaji yana karɓar kasonsa a bayan fage.

Wani tsoho Basomale ne ya fitar da mu. A masallacin Juma'a ya ga Bello ya daɗe a sujada bayan kowa ya watse, ya jira shi ya tambaye shi. Da ɗan Larabcin allo da nuni da hannu suka fahimci juna. Tsohon ya jawo jikansa ya nuna masa idon roba a fuskar yaron, sannan ya kama hannun Bello kamar ƙaramin yaro ya kai shi har ƙofar asibitin idon na gaskiya. Ko sunansa ba mu tambaya ba. Alhaji kuwa daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba, Allah ya isa tsakanina da shi, kuma ban janye ba har yau.

A teburin karɓar baƙi na sabon asibitin muka yi abin da har yanzu idan na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Matar da ke wurin ta tambaye ni da Turanci, “Yaya sunan yarinyar?” Na dubi Bello. Bello ya dubi silin, don shi ma 'yar farinsa ce. Ta sake tambaya. Na tura mata fasfo. Ta ture shi gefe ta ce ita daga bakina take son ji. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Matar ta kalle mu sama da ƙasa, ta ɗaga waya ta kira wani mai kaki. Ashe zargi take ko sato yarinyar muka yi, don ina aka taɓa ganin iyayen da ba su san sunan 'yarsu ba? Kulu ce ta raba gardamar. Mai kakin ya durƙusa ya nuna ƙirjinsa ya faɗi sunansa, sannan ya nuna ta. Ta ce, “Kulu.” Ta nuna Bello ta ce, “Baba.” Ta nuna ni ta ce, “Adda.” Na yi ta bayani da Turancina na malamar firamare har suka gaji suka bar mu muka shiga.

Likitar mace ce mai furfura, da ɗigon ja a goshi, ba ta da yawan magana. Bayan an sa wa Kulu maganin barci an duba ta, ta zaunar da mu ta ce idon ba zai cetu ba, yanzu ran yarinyar ake nema. Ina fassara wa Bello, ina ganin fuskarsa tana zubewa. Mutumin da ya sayar da shanunsa don ido ɗaya, ga shi ya sa hannu a cire shi. Kafin aikin ta ce za a ɗebi jininmu mu uku, kuma za ta duba idanunmu mu ma. Na Bello ta duba ta wuce. Da ta zo kan idona na hagu sai ta daɗe, ta ƙara haske, ta sake dubawa. Ta ce sai sakamakon jini ya fito za mu yi magana.

Aka cire idon, aka aika da shi ɗakin bincike. Layya ta matso, kuɗi sun ja baya, dole Bello ya koma gida ya kama kasuwa don a samu na ci gaba da magani. Ranar da ya tafi na rufe ƙofar ɗakin da muka kama, na juyo, sai ga ni ga Kulu, ba Inna, ba kowa. Tun da aka yaye ta ba mu taɓa zama mu biyu kaɗai ba. Ta zauna a bakin gado da bandeji a rabin fuska tana kallona da ido ɗaya, ni ma ina satar kallonta kamar baƙuwa. Can ta ce, “Adda, yaushe za mu koma wurin Inna?” Na ce sai ta warke. Ta ce, “To goya ni.” Na ɗauki zane na goya ta, na ji nauyinta a bayana, na ji ɗumin numfashinta a wuyana. Na yi ta zagaya ɗakin ina kuka ba sauti don kada ta ji.

A watannin nan na san 'yata. Na gano tana da ɗan tabo a bayan kunne, kuma ba ta barci sai ta riƙe gefen zanen mutum. Na gano mai tsokana ce. Idan ma'aikaciyar jinya ta kaɗa kai sai ita ma ta kaɗa nata, har matar ta fashe da dariya. Da aka sa mata idon roba ta dubi madubi ta ce wannan bai iya ƙiftawa da kyau ba, a canja mata mai wayo. Kullum da rana muna kiran gida ta bidiyo, Inna ta kanga fuskarta a waya har sai hanci kawai ake gani, tana cewa, “Ɗiyata, mi anka ba ki kinka ci?” Kulu ta ce, “Inna, ba su da hura.” Inna ta ce, “Wane irin gari na wanga, babu hura?”

Da aka fara ƙarin ruwan maganin sankara, gashin Kulu ya zube, komai ta ci sai ya dawo. Fura kawai take kira. Mai gidan da muke haya tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, ba ta cin nama, har ta hana ni dafa shi a gidanta, abin da ya sa na ɗauke ta muguwa. Wata rana ta same ni a matakala na haɗa kai da gwiwa. Na nuna mata hoton fura a waya, don ban san me zan ce ba. Ta ƙura wa hoton ido, ta shiga ɗakinta, ta fito da wani abu a tafin hannu. Gero ne. Wallahi gero, irin namu na Dundaye, sai dai ƙwayarsa ta ɗan fi girma. Ta niƙa mini a injinta, ta kawo kindirmon da take yi da kanta, ta tsaya a kaina ina dafawa ina kirɓawa a ɗan turminta na dutse. Kulu ta kurɓa ta ce, “Ba irin ta Inna ba ta.” Amma ta shanye, kuma ta zauna a cikinta. Daga ranar kullum da safe sai in tarar da kwanon kindirmo a bakin ƙofa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da ba ta san yadda ake gaishe ki ba.

Sakamakon ya fito ina ni kaɗai. Likitar ta yi mini bayani a hankali, ni kuma ga yadda na fahimce shi a matsayina na matar mai shanu. A cikin kowace ƙwayar halittar ido akwai abin da ke hana ta hayayyafa barkatai, kuma guda biyu ne, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kamar saniyar da aka ɗaure da igiya biyu. Sai duka biyun sun tsinke ciwon yake tashi. A wasu yaran, a cikin idon kaɗai suke tsinkewa, idan an cire shi da wuri an gama. Wasu kuwa da igiya ɗaya a tsinke ake haifarsu, a duk jikinsu, don haka ɗayan idon ma yana cikin haɗari, kuma za a yi ta sa musu ido har girma. Ta ce Kulu tana cikin na biyun. Ta ce kuma a cikin ƙullutun da aka cire sun ga ƙarin wasu sauye-sauye irin waɗanda suke gani a ciwo mai saurin yaɗuwa, sannan ya riga ya bi jijiyar ido ya wuce inda wuƙa ta tsaya. Za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba ta so ta yi mini ƙarya.

Na tambaye ta daga ina tsinkakkiyar igiyar ta fito. Sai ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mini hoton cikin wani ido, da wani ɗan farin tabo a gefe. Ta ce idona ne na hagu. Irin ciwon ne ya fara a jikina ina ƙarama, ya tsaya da kansa, ban taɓa sani ba. Jinina ya tabbatar. Ta ce ba laifina ba ne, ba abin da na ci ko na yi, kuma duk ɗan da zan haifa nan gaba a duba idonsa tun yana cikin tsumma. Wannan maganar ce ta ceci idanun Sadiƙu, ƙanenta da na haifa daga baya. Amma a ranar ban ji ta a matsayin alheri ba. Abin da na ji shi ne, ni da ban ba yarinyar nan cinyata ba, ban ba ta kallona ba, ban ba ta ko kiran suna ba, ashe akwai abin da na ba ta tun tana ciki. Na fito na zauna a kan dakalin asibiti, zuciyata kamar ta fashe.

Kwana da kwanaki ban gaya wa Bello ba. Ina tsoron yadda dangin miji za su ji cewa daga jinina ne. Daga baya na kira shi ta waya na faɗa masa. Ya ce, “Ke kinka zaɓa?” Na ce a'a. Ya ce, “To ki bar hwaɗin haka. Allah shi ka rabawa. Ki kula min da ita.” Na roƙe shi kada ya gaya wa Inna.

Aka ci gaba da magani, muka shiga wani watan, muka fita. Akwai lokacin da Kulu ta murmure har tana bin 'ya'yan maƙwabta da gudu a matakala, na fara sa rai, na fara cewa a raina likita ai ba Allah ba ce. Sai ciwon kai ya fara. Ta riƙa tashi da amai, ta riƙa tuntuɓe da abin da ke gabanta. Aka ɗebi ruwa a bayanta aka auna. Likitar ba ta kira ni ofis ba, ita ta zo har bakin gado, ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna. Ta ce ciwon ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ta ce, “Tana yawan kiran wata Inna. Ki kai ta wurinta tun tana iya gane ta.” Ranar da za mu tafi tsohuwa mai gida ta ƙulla mini gero a leda, ta shafa kan Kulu, ta juya da sauri ta shige ɗaki.

Kafin mu iso Sakkwato ɗayan idon ma ya dushe, ba ta gane kowa sai ta murya. Muna shiga gida Inna ta karɓe ta daga bayana ta wuce da ita ɗakinta, mata suka cika ɗakin, 'yan uwan Bello da maƙwabta. Ni kuwa ƙafafuna da kansu suka kai ni inda na saba, na zauna a bakin ƙofa daga waje, na ja mayafi na rufe fuska. Duk watannin da na yi ina goyonta, ina wanke mata amai, ina kwana da gefen zanena a hannunta, sun zama kamar a wata duniya aka yi su. Na koma Adda. Idan aka zo dubiya Inna ake yi wa sannu, ni a ce mini, “Sannu da hanya.”

Ana nan wata rana bayan la'asar, ɗakin cike da mata, na ji muryar Kulu can ƙasa tana cewa, “Adda.” Inna ta ce, “Ga ni, ɗiyata, ga Inna.” Ta sake cewa, “Adda nika so.” Na ga hannunta yana lalube a iska yana neman gefen zane. Matan suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai, ina ji kamar ana yanka ni, amma na kasa motsi, don ga surukata, ga yayyen mijina.

Sai Inna ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Taho.” Ban tashi ba. Ta ce, “Bello ya hwaɗa min komi. Jini na Allah na, ba naki ba. Taho ki amshi ɗiyarki, yau babu kunya cikin ɗakinga.” Na rarrafa na shiga. Ta ɗora mini ita a cinya, ba ta fi nauyin tsumma ba. Hannunta ya sami zanena ya damƙe. Inna ta ce, “Ba ta ganinki. Kira ta ta san ke ta.”

Na buɗe baki. Wannan nauyin na teburin asibiti ya dawo, na haɗiye shi. Na ce, “Kulu.” Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Na sake cewa, “Kulu. Hauwa'una.”

Ta juyo da fuskarta wajen muryar, ta ɗan yi murmushi irin na tsokanarta. Ta ce, “Na'am.” Ta ja numfashi, sannan ta ce, “Adda, ashe kin san sunana?”

Washegari da hantsi ta cika, a cinyata. Na yi ta kiran sunan har aka zo aka ɗauke ta, kuma babu wadda ta ce mini in yi shiru.